Ni Na Tayar da Motar Ranar da Ta Tafi Shagari

Da kaka ne, a shekarar da aka ba ƙasar nan mulkin kai, mota ta shigo gidanmu a Boɗinga. Shekara ce mai daɗi. Gero ya yi, dawa ta yi, rumbuna sun cika har ana neman inda za a zuba saura, 'yan makaranta na yawo da 'yan tutocinsu kore da fari, duk wanda ka gamu da shi gani yake gobe za ta fi yau. Ni a lokacin matar tela ce, uwar 'ya'ya, ba na fita sai da dalili, kuma ba a san ni da yawan magana ba. Abin da kawai ya raba ni da matan unguwarmu shi ne ajin yaƙi da jahilci da maigidana ya yarda in shiga, wanda ake yi mana da yamma a cikin gidan mai unguwa. Can na koyi wannan rubutun da nake yi muku da hannuna. Edita, in kun ga kuskure ku gyara, amma kada ku nemi sunana ko na wani, don waɗanda abin ya shafa galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu kuwa suna karanta mujallarku.

Motar ta wani Bature ce ma'aikacin gona da zai koma ƙasarsu. Malam, haka nake kiran maigidana, ya sayar da bijiminsa da albasar da ya ajiye ya karɓo ta daga Sakkwato. Tun a ranar tsohuwa ce. Baƙa ce mai ƙofa huɗu, gabanta dogo, kujerunta na fata duk sun tsattsage, cikinta na warin taba da kare. In za ta karya kwana wani ɗan hannu ne mai fitila yake fitowa daga gefenta, yara su yi ta binta da gudu don su ga ya ɗaga. Ranar da ta iso har tsofaffin da ba su iya fita sai da aka riƙo su suka zo suka shafa ta. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka daga ranar na huta da jiran motar kasuwa in zan je ganin mahaifiyata a Shagari.

Ba a yi nisa ba muka gane halinta. Batirinta ba ya riƙe wuta, da safe ba ta tashi sai an zura mata handil ta gaba an murɗa, kuma dole wani ya zauna a kujerar direba ya taka totur daidai lokacin da injin ya yi tari. 'Ya'yanmu maza ƙanana ne, ƙafarsu ba ta kai ba, shi kuma Malam ba ya son mutanen waje su ga yadda ake lallashin motarsa. Da yake rumfarta a bayan gida take, cikin danga, sai aikin ya faɗo kaina. Kullum bayan na ɗora koko sai in wanke hannu in je in zauna bayan sitiyari, shi yana murɗawa yana haki, ni ina saurare. Na san ta fiye da shi. Taku ɗaya take so, a hankali. In aka yi mata gaggawa aka tattaka, sai ta shaƙe da mai, ba za ta ƙara motsi ba sai rana ta take, ko da za a tara mata duk makanikan Sakkwato. Ni ke liƙe tankinta da sabulu in yana ɗiga, ni ke fasa ɗanyen ƙwai a lagireto in yana yoyo, ni ke cika mata tulun ruwan da ake tafiya da shi a but. Akwai wata yamma da muka je gaisuwa Danchaɗi, a dawowa babu kowa a hanya, ya matsa ya ce in karɓa. Na tuƙa ta daga bakin fadama har kusa da gari, tana tafiya kamar akuyar da ta ƙoshi, shi yana ta dariya wai in Gwamna ya ji labari zai ɗauke ni aiki. Wannan ce kaɗai ranar da nake tunawa da motar nan raina bai ɓaci ba.

Abin da ban sani ba, wanda ya sayi mota a gari irin namu a wancan zamani ya saya wa gari ne. Kafin shekara ta zagayo an manta Malam tela ne, sai Maimota. Keken ɗinkinsa na rufe da zane a zaure, masu kawo ɗinki sun koma wajen wani. Mai biki ya zo, mai suna ya zo, mai shari'a a Sakkwato ya zo, masu taron siyasa su zo su ɗaura mata tuta. Kowa zai fara da doguwar gaisuwa, ya kira shi ranka ya daɗe, shi kuwa kunnensa ya saba da jin hakan, bai iya cewa a'a ba. Taubasansa suna yi masa tsiya a bakin masallaci wai ya auro tsohuwar Bature, ba ta tashi sai an yi mata tausa, ba ta tafiya sai ta tsaya shan ruwa a kowace rijiya, amma su ne na farkon shiga in ta tashi. Mu na cikin gida mu ne na ƙarshe a layi. Sau ɗaya tak ta kai ni wurin mahaifiyata, shi ma don wani mai unguwa yana da buƙata a Shagari ne aka ce in matsa a baya. Ban taɓa yin ƙorafi ba. Na ɗauka haƙuri ke nan.

To, ina da ɗiya, ita ce ta fari. Masu shekaruna sun san abin da wannan ke nufi, amma yaran yanzu sai an faɗa musu. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Uba ma haka. Tun da aka yaye ta uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, a gida ɗaya muke amma ta zama 'yar Inna, haka kowa ke kiranta, har ni. In ta faɗi ta fasa gwiwa sai in kau da kai in jira wata ta ɗaga ta. In na dafa abin da na san tana so sai in aika wa Inna da yawa in ce na tsohuwa ne. Ita ma ta san dokar, ba ta zama kusa da ni, sai dai in na juya in tarar ta share mini ƙofar ɗaki ko ta cika mini randa ba ta ce komai ba. Yarinya ce mai sanyi, irina. Ta yi aure a Danchaɗi da wani manomin albasa da suke son juna, da ciki ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari, ta sauka a ɗakin Inna.

Bazara ce, irin wadda ko tabarma ka taɓa da rana sai ta ƙone ka. Ina lura da ita ta wutsiyar ido. Na ga ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, na ga ta cire zobe, daga baya fuskar ma ta tashi, idanun suka ƙanƙance. Na ji tana gaya wa ƙanwarta kanta kamar zai tsage, kuma tana ganin wasu ƙyalƙyali suna yawo a gabanta. Gabana ya faɗi, domin a ajinmu wata malamar tsafta ta taɓa zuwa daga Sakkwato ta yi mana bayani, ta ce duk mai cikin da ta kumbura har fuska, ga ciwon kai, ga ganin ƙyalli, kada a jira naƙuda, a kai ta asibiti a ranar. Ta maimaita mana har muka haddace. Na san abin da nake gani sarai.

Da yamma na kai wa Malam tuwo na tsaya ina jujjuya kwano. Na ce masa ta ɗakin Inna kamar ba ta jin daɗi. Bai ɗago ba, ya ce to ai Inna na nan, in gaya mata. Ya ƙara da cewa gobe da sassafe zai tafi Shagari ɗauko amaryar ɗan wani attajirin albasa, mutumin da ke ba shi fetur in ya rasa, sai dare zai dawo, in tabbata na cika tulun. Na ce to. Na wuce ɗakin Inna na durƙusa, ga yayyen Malam mata su biyu da suka zo don bikin auren, suna zaune suna ƙunshi. Na yi ta kewaye-kewaye har na samu na ce ko za a kai yarinyar nan likita ya duba kumburin nan. Inna ta dube ni ta yi dariya, ta ce wa 'ya'yanta su zo su ji abin da boko ya koya wa matar ƙanensu, yau uwa ce ke ƙirga yatsun ƙafar 'yar fari. Ta ce ita ta haifi tara, kowane da kumburinsa, kumburi ma alamar namiji ne, ga saiwa ta jiƙa mata. Babbar yayar ta ce wai ko dai malamar yaƙi da jahilci so take a ɗana mata motar ne ta shiga birni a ganta, ƙaramar ta ce a bar ni, gobe ma cewa zan yi in goya ta. Suka yi ta dariya. Ɗiyata na kwance a bayan Inna ta juya fuska bango don kada ta ga kunyata. Na tashi na fita.

Da safe gidan ya cika da mata masu rakiya, an yi ado, ana ta rigimar wa zai zauna gaba. Na je rumfa na zauna a kujerar direba kamar kullum, Malam ya zura handil. A nan ne tunanin ya zo mini. Na san in na tattaka totur ɗin nan da ƙarfi motar za ta shaƙe, ba za ta tashi ba sai azahar, masu biki za su nemi wata dabara, ita kuwa za ta wuni a gida inda zan iya samunta. Ba wanda zai gane, don kowa ya san halin tsohuwar. Ƙafata na kan totur. Sai na tuna yadda Malam zai tsaya gaban attajirin nan yana ba da haƙuri, da yadda taubasai za su samu abin faɗa har shekara, da idon Inna in ta gane. Na ce a raina wataƙila ni ce mai tsoro, wataƙila kumburin banza ne, gobe ma rana ce. Injin ya yi tari, na taka sau ɗaya a hankali yadda take so, ta tashi lafiya lau, har Malam ya ce yau tsohuwa ta san da biki. Na fito na riƙe musu ƙofa suka shiga.

Rana ba ta kai tsaka ba na ji salatin Inna. Na tarar da ɗiyata a ƙasa tana jijjiga, ta cije harshe, idanu sun kafe. Aka ce iska ce, aka kawo hayaƙi, aka aika a karɓo rubutu. Ranar ba ta kasuwa ba ce, babu motar da ke bi ta garin. Wani maƙwabcinmu mai keke, Allah ya ji ƙansa, ya ce zai bi Malam Shagari, ya kama hanya cikin wannan zafin. Abin da ya faru a can daga baya na ji shi daga bakinsa. Ya tarar da Malam zaune cikin manyan mutane ana cin abinci, ya ga bai dace ya tayar da hankalin taro ba, sai ya gaisa da kowa tukuna, sannan ya rusuna ya ce 'yar Inna jiki ya ɗan motsa, ana nemansa a gida. Malam ya ce ya ji, Allah ya sawwaƙe. Malam ya gaya mini bayan shekaru cewa ya so ya tashi a lokacin, amma ta yaya zai zabura a gaban dattawa saboda 'yar fari. Uban ango kuma ya ce ai hanya ɗaya ce, a ɗan jira a gama shirya amarya a tafi gaba ɗaya. Aka jira. Aka yi wa amarya faɗa, aka yi kuka, aka ɗaure tasoshi a saman mota, a hanya ta tafasa aka tsaya ta huce.

Ni ina bakin danga tun azahar ina kallon hanyar Shagari. In ɗiyata ta farfaɗo in koma ciki, in ta sake jijjiga in fito. Rana ta yi ja sannan na ji ƙarar injin da na fi kowa sani, tare da guɗa. Ba gidanmu motar ta nufo ba. Sai da aka kai amarya gidan miji, aka yi cinikin bakinta a ƙofa aka sauke kaya, sannan ta zo. Muka shimfiɗa ɗiyata a kujerar baya, kan ɓawon goro da ƙamshin turaren amarya. Inna ta ce ƙafafunta ba za su ɗauke ta ba, ni in shiga. Na ɗora kan ɗiyata a cinyata. Rabon da in riƙe ta haka tun tana shan nono. Tsakanin Boɗinga da Sakkwato motar ta sake tafasa, tulun kuma babu ruwa, an ƙarar a hanyar Shagari. Malam ya ɗauki tulun ya ruga wata ruga da muka hango. Muka rage daga ni sai ita a bakin hanya. A nan na kira sunanta. Na yi ta kira, sunan ma baƙo ne a bakina. Ta buɗe ido sau ɗaya, ban sani ba ko ta gane mai kiran.

A asibiti sun yi abin da za su iya. Wata ma'aikaciya ta dubi ƙafafun ta tambaye ni a hankali tun yaushe suke haka, da na gaya mata sai ta ci gaba da aikinta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. An ciro jaririya mace da rai, 'yar mitsitsiya. Uwar ba ta farka ba. A motar nan muka dawo da ita, aka yi mata sutura da hantsi, mijinta ya iso daga Danchaɗi a ƙafa yana tuntuɓe kamar makaho.

Masu ta'aziyya sun cika gida. Kowa ya shigo ɗakin Inna yake nufa, ita aka yi wa rasuwa, ni kuwa ana yaba mini wai ga mace mai kunya, ko hawaye ba ta yi a gaban mutane ba. Waɗanda suka sha shiga motar nan kyauta suna zaune a zaure suna cewa Allah ya sa ma akwai mota, da ba a ko kai ta asibiti ba. Uban ango ya aiko da goro. Na san kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba, amma na kuma san abin da aka koya mini da abin da na gani da idona, da inda ƙafata take a safiyar nan. Inna ba ta ƙara lafiya ba, ta riƙa kiran yarinyar cikin barci har ta bi ta, kuma ba mu taɓa tayar da maganar ni da ita ba. Ban sake zama a kujerar motar ba. Malam bai tambaye ni dalili ba, ya riƙa kiran mutanen waje suna tura masa ita, har wata damina ta mutu a rumfa ya bar ta nan, kaji suka riƙa ƙwai a ciki. Da ta mutu, masu ranka ya daɗe suka ɗauke ƙafa, ya buɗe kekensa ya koma ɗinki, ba mai yawan magana ba shi ma daga nan. Mun zauna lafiya har ya rasu, amma akwai wani wuri a zuciyata da ban taɓa buɗe masa ba.

Abin da ya sa na rubuto, ina ganin yanzu kusan kowane gida da abin hawa, kuma ina ganin halin bai canza ba. Magidanta, abin da kuka saya da guminku iyalinku ne farkon masu haƙƙi a kansa. Mai biki zai samu wata motar, ba zai ma tuna da ku ba bayan sati. Ku kuma mata 'yan'uwana, kunya abu ne mai kyau, ni ba zan ce a yar da ita ba, amma ba a yin ta a kan ciwo. In kin ga abin da ya tsorata ki a jikin ɗanki, na fari ne ko na ƙarshe, ki faɗa da sunansa, a gaban ko wane ne, ki sake faɗa in an yi dariya. Dariyar da na guje wa a ɗakin Inna da yanzu an manta da ita. Kuma wanda aka aika da saƙon rashin lafiya ya faɗe shi yadda yake, kada ya yi masa kwalliya don yana gaban manya.

Washegarin jana'iza jaririyar ta kwana tana kuka, madarar akuyar da muke ɗiga mata ba ta zama a cikinta. Mata na ta shawara a tsakar gida kan wa ya kamata a aika, da wa ya kamata a fara tambaya. Ban jira sun gama ba. Na yi sallah, na naɗe ta a zane na rungume, na yafa mayafi na fita ta zaure, ta gaban Malam da mutanensa, ban nemi izini ba. Na bi gida-gida ina sallama ina tambayar inda mai jego take. A can ƙarshen gari, gidan wasu masu jimar fata, na samu wata mata da ta haihu ba da daɗewa ba. Ba ta san ni ba. Na gaya mata ɗiyata ce ta rasu ta bar wannan, na faɗi sunan ɗiyar tawa. Ta ajiye nata, ta miƙo hannu. Na zauna a bakin ƙofarta har sai da na ji yarinyar ta kama tana haɗiya.